Bin sawun barewar da harsashi ya raunata a dazukan Jamus

A Jamus idan ka harbi barewa ta gudu da rauni, ba ka da ikon cewa ba rabonka ba ce ka saɓa bindiga ka koma gida. Sashe na 22a na dokar farauta ta tarayya ya wajabta a ƙarasa dabbar da aka raunata ba tare da ɓata lokaci ba, don kada ta daɗe tana shan azaba. Ƙasa ce da ake harbe ƙananan barewa sama da miliyan 1 duk shekara, kuma komai ƙwarewar maharba sai an samu harsashin da ya kauce wa makasa. Shi ya sa kowane yanki yake da mutanen da ake bugo wa waya, masu karnukan bin jini. Ɗaya daga cikinsu maƙwabcina ne a wani ƙauye na jihar Hessen, dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji. Gwiwa ta fara damunsa, yana neman mai riƙe masa jaka da ɗaura ƙyalle a rassa, ni kuma Asabar da Lahadi ba ni da abin yi. Ta haka na shiga harkar.

Na taso ina ganin farautar rani a garinmu, da ganga da ihu da ƙura, karnuka barkatai, kowa da gora ko adda. Wannan aikin bai haɗa hanya da wancan ba. Kare ɗaya ne tal, ja, mai faɗin kunne, irin na tsaunukan Bavariya da aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1912. Akwai ɗan'uwansa na Hanoba wanda ya fi shi jiki, tasa ƙungiyar tun 1894 take. A gida karen nan kamar ba ya nan, barci kawai. Amma da an ɗaura masa faffaɗan abin wuyansa da igiya mai tsawon mita 12, sai ya sunkuyar da kai ya daina kula kowa.

Ba da kare ake farawa ba. Ana barinsa a kwance can gefe, dattijon ya durƙusa a daidai inda dabbar take tsaye lokacin da aka harbe ta, ya yi ta dube-dube, wani lokaci har rabin sa'a. A wurin nan ake sanin ranar da za a yi. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, barewar ba ta yi nisa ba, galibi a mace za a same ta. Jini mai duhu da ya yi kusa da baƙi na hanta ne. Idan aka ga ruwa kore-kore da guntayen ciyawa mai tsami, harsashi ya fasa tumbi ko hanji. Har gashi yana da labari, domin na ciki daban da na gadon baya a launi da tsayi, kuma dattijon yana da wani tsohon littafi da ya manna gashin kowane sashe na jiki a ciki. Abin da ya fi sa shi ɓata rai shi ne tsinken ƙashi mai lanƙwasa da maiƙon ɓargo. Wannan ƙafa ce ta karye, kuma barewa mai ƙafa uku tana iya wuni tana gudu.

Bayan karatun wuri sai jira, kuma nan ne maharba suke kasawa. Dabbar da ta ji ciwo, idan ba wanda ya bi ta, takan shiga duhuwa mafi kusa ta kwanta, jikinta ya yi tsami, ƙarfinta ya ragu. Idan kuwa aka taso ta da zafinta, tsoro zai ɗauke ta ta ƙetare tudu biyu, jinin kuma ya tsaya. Harbin ciki aƙalla sa'a huɗu ake ba shi, idan da magariba ne sai gari ya waye. Mutum yana ganin jini a gabansa, tocila na hannunsa, a ce masa je ka gida ka kwanta; ba kowa ke iyawa ba.

Wani aiki na watan Nuwamba shi ya zaunar min da wannan duka a kai. Wani maharbi ya harbi uwar barewa, babban irin nan ja da kan tasar ma kilo 100, daga kan dakalin katako mai tsani da suke hawa su yi kwanto. Ya kira da dare yana rantsuwa a ƙirji ya same ta. Da muka isa da sassafe sai ga tsinken ƙashi a ciyawa. Da aka matsa masa da tambaya ya yarda cewa ya ɗan bi ta da tocila. Ɗan bin nan ya kai mita ɗari biyu, ya tattake ko'ina, takalminsa ya kwashi jini ya shafa hagu da dama. Karen ya sha wahalar warware wannan dagwalon, yana zagaye yana dawowa, sai da ya fita daga sawun mutum sannan igiya ta miƙe.

Daga nan ba jini. Ganyen da ya zubo, laka, shi ke nan. Aikina shi ne in bi a baya ina duba ƙasa da ciyayi, duk inda na ga ɗigo in ɗaura jan ƙyalle, don in kare ya ɓata a san inda za a dawo da shi. Mun yi tafiya mai tsawo ban ɗaura ko ɗaya ba. Muka tsallaka inda garken barewa ya ratsa da asuba, sawu sabo fil, karen ya sansana ya wuce abinsa. A bakin wata ƙorama sai ya tsaya cak, ya juya, ya koma ta inda muka fito. Maharbin ya fara gunaguni, wai karen ya rikice, shi ya san dajin nan, mai rauni gangare take bi ta nemi ruwa. Dattijon ko kallonsa bai yi ba. Kamar taku hamsin a baya karen ya karkata dama ya hau tudu, can na ga ɗigo ɗaya ya bushe a kan ganyen ƙaya. Dabara ce ta barewa: ta koma a kan sawunta, sannan ta yi tsalle gefe.

Cikin wata sarƙaƙiya muka tarar da makwancinta, da ɗumi. Nan aka sauya salo. Dattijon ya sa maharbin ya cire harsashi daga bindigarsa, domin ƙa'ida ce mai kare kaɗai ke harbi idan kare na sake. An sha kashe karnuka a irin wannan wuri. Ya kwance igiya, ya bar karen da rigarsa mai launin lemo da na'urar nuna wuri a wuya. Haushin bi yana tafiya yana nisa. Da ya koma mai kauri, a wuri ɗaya, mun san ya tsayar da ita. Dattijon ya lallaɓa ta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba, ya yi harbi ɗaya. Bisa al'adarsu ya karyo reshe ya shafa a jini ya miƙa wa maharbin, shi kuma ya ɓalli rabi ya mayar, aka soka a wuyan kare.

Ana ce musu karnukan jini, amma jini ƙaramin abu ne a cikin abin da suke bi. Kowace dabba tana da warinta, kofato yana barin nasa, ƙasar da aka taka da ciyawar da aka murƙushe suna ba da nasu, kuma mai rauni warinta ya bambanta da na mai lafiya. Don haka ake horar da ɗan kwikwiyo da wani takalmi da ake ɗaure kofaton barewa a jikinsa: mutum ya taka daji da shi yau, gobe a kawo kare. A jarrabawar da ƙungiyoyin karnukan farauta ke shiryawa, sawun yakan kai mita 1,000, jinin da aka yayyafa bai wuce rubu'in lita ba, kuma sai ya yi sa'a 20 ko 40 kafin a ɗora kare. Takardar jarrabawa dai takarda ce. Karen da ake kira sau biyu a shekara ba zai taɓa kamo wanda yake daji duk mako ba, shi ya sa masu hankali ba sa gwada sa'a da karen gidansu a aiki mai wuya.

A ganina matsalar ba ta hancin kare ba ce, ta bakin maharbi ce. Kunya ke sa mutum ya ce kusa ya harba alhali da nisa, ko ya ce kuskure ya yi gaba ɗaya don kada a kira kowa. Dattijon ya fi son a tashe shi a banza. Sau da yawa mukan je, kare ya zagaya ya nuna ba abin da ya taɓa dabbar, a sha shayi a watse. Wani lokacin kuma wanda ya rantse bai samu ba, mita tamanin a cikin duhuwa ga barewa a mace. Akwai kuma batun iyaka, domin dajin Jamus a rarrabe yake, kowane yanki da mai haƙƙin farautarsa, kuma barewa ba ta san wannan ba. Sai da yarjejeniya tsakanin maƙwabta ake ƙetarawa da bindiga, ko da yake jihohi da dama sun ba masu karnukan da hukuma ta amince da su izinin wucewa.

'Yan'uwa a gida sukan tambaye ni yadda nake yi da kare. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar, hadisi ma ya keɓe karen farauta da na kiwo daga hanin ajiye kare. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Risala da muka karanta a zaure ta taɓo dabbar da aka harba ta kwana ba a gan ta ba, har ta kawo saɓani a kan cin namanta. A daji tambayar tana da wata fuska. Barewar da aka fasa wa tumbi, ta mutu tsakar dare ba a farke cikinta ba, kafin safiya zafin jikinta da ƙazantar hanji sun ɓata naman, ya yi kore yana wari, ko da ana sanyi. Irin wannan ba ya shiga kasuwa, zubarwa ake yi. Maharba sun san haka, shi ne ma dalilin da wasu ke matsawa a bi da dare. Dattijon ba ya zuwa. Yakan ce su ɗaura ƙyalle a inda ta tsaya, su rufe jinin da reshe saboda ruwan sama, ƙarfe bakwai mu haɗu a bakin hanya.