Yau bishiyoyi ne suka zaɓa mini sanda

Asabar.

Da sanyin safiya muka fara, raɓa ba ta ko bushe ba. Filin wasan golf ɗin nan bishiyoyi sun yi masa layi dama da hagu tun daga ramin farko har na 18, don haka kafin in fito na yanke shawara cewa babbar sandar nan ta bugun nesa, direba, ba za ta bar jaka ba sai inda hanya ta buɗe sosai. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna 14, amma da sandar ƙarfe mai lamba 4 na yi yawancin bugun farko. Na rasa nisa, ba musu. Sai dai ƙwallona tana kan gajeriyar ciyawa, ina hango tutar da ke nuna inda rami yake.

Rami na 6 shi ya fi ba ni sha'awa. Hanyar ta karya hagu, kuma daidai kwanar akwai wata ƙatuwar bishiya da ta miƙo reshe. Abokin wasana ya maka wani bugu mai daɗin kallo, ƙwallon ta sauka kan hanya, amma ta gefen hagu, reshen nan ya tsaya tsakaninsa da tuta. Ni ina can baya da shi sosai, a gefen dama, babu abin da ya tare ni. Ya fi ni kusa, na fi shi wurin tsayawa. A irin wannan fili daga rami ake lissafi a dawo baya: ta wane ɓangare ake iya shiga, sannan a san inda za a ajiye bugun farko. Ko a wurin bugun farkon ma, na kan kafa ƙwallo ta gefen da haɗarin yake, in auna nesa da shi.

Iska kuma sai a hankali. A wani gajeren rami tuta ko motsi ba ta yi, ciyawar da na watsa ta faɗo a ƙafata. Mai ɗaukar jaka ya ce, "Yallaɓai, ɗaga kai." Ashe kawunan bishiyoyi rangaji suke yi. Da ƙwallo ta wuce tsayinsu iskar za ta same ta, sai na ɗauki sandar da ta ɗan fi kai ƙwallo nesa.

Bayan mun juya zagaye na biyu abokina ya shiga daji sosai. Busasshen ganye ya rufe ƙasa, muka yi ta tona da ƙafa muna duba agogo, domin tun 2019 minti 3 kacal ake ba mutum ya nemo ƙwallo, a da 5 ne. Mun same ta a gindin wata bishiya, saiwa a gabanta. Ya leƙa wata 'yar kafa tsakanin kututture biyu, idonsa ya yi haske. Na ce, "Malam, fito da ita gefe kawai." Ya ce ai bishiya yawancinta iska ce. Ƙarar da muka ji ba ta iska ba ce. Ƙwallon ta dawo ta wuce shi, daga ƙarshe dai ya ɗauki hukuncin bugu ɗaya ya ajiye ta inda za ta bugu.

Bugun fitar ba shi da wani asiri: ƙwallo kusa da ƙafar baya, hannuwa a gaba, sandar ƙarfe mai lamba 5, rabin lilo, ta bi ƙasa-ƙasa ta ƙarƙashin rassa. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya yarda ya yi shi abokai na kallo.

Abokina yana ta ƙorafi wai a sare bishiyar, na tuna masa da Eisenhower. A filin Augusta na jihar Jojiya akwai wata bishiya a rami na 17 da ta addabe shi, har a 1956, yana shugaban Amurka, ya nemi a sare ta. Shugaban kulob ɗin ya rufe taro bai amsa ba. Ta ci gaba da tsayuwa har 2014, lokacin da guguwar ƙanƙara ta lalata ta.

Rami na 15 ne har yanzu ban gama da shi ba. Inuwa ta rufe dandalin ramin, wato lafiyayyar ciyawar da ke kewaye da shi, ciyawar da lema har la'asar, ƙwallo ba ta gudu kamar a sauran. Sandar ƙarfe mai lamba 4 tana barina da nisa ƙwarai, direba kuwa hanyar ta yi mata ƙunci. Mako mai zuwa zan gwada sandar da ake kira katako mai lamba 5 in gani.