Asibitin tafi-da-gidanka da ciwon haƙorin mutanen karkara

Duk wanda yake zaune a cikin birnin Kano, kuma yake da dangi a ƙauye, ya san cewa gidansa masaukin marasa lafiya ne. Daga Sumaila ko Tudun Wada ko Doguwa za a yi maka sallama da yamma, a kwana, da asuba a kama hanyar Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano domin a samu layin kati. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, da wuya a kawo mutum tun yana iya tafiya da ƙafarsa, sai ciwo ya ci ƙarfinsa, an gwada jiƙe-jiƙe da maganin kemis an gaji. Masu cewa jahilci ne yake jawo wannan jinkiri ba su yi wa mutanen karkara adalci ba, domin manomin da zai bar gonarsa a tsakiyar damina, ya biya kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ya ci abinci a birni, sannan ya sayi magani, dole ne ya yi lissafi kafin ya taso. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma manyan asibitocin ƙwararru da mafi yawan likitoci suna cikin birni da kewayensa.

Wannan tazara ce ta haifar da abin da ake kira asibitin tafi-da-gidanka, wato ayarin ma'aikatan lafiya da ke ɗaukar magunguna da kayan aiki a mota su je su sami jama'a inda suke. Wani lokaci gwamnati ce take shirya shi, wani lokaci ƙungiyoyin likitoci ko na addini ko ɗaliban koyon aikin likita, wani lokaci kuma wani mai hali ne ɗan garin yake ɗaukar nauyi. Yawanci akan sauka a makarantar firamare ko harabar asibitin sha-ka-tafi, a mayar da aji ɗaya wurin ganin likita, wani wurin gwaji, wani wurin ba da magani, bayan dagaci da masu unguwanni sun sa an yi shela kuma liman ya sanar a masallaci.

Akwai ayyukan da irin wannan fita take yi da kyau ƙwarai. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ba ya buƙatar komai sai ɗigon jini daga yatsa, kuma cikin kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin an san ko za a ba da magani ko a nemi wani dalilin zazzaɓin. Akwai ɗan ma'aunin da ake zagaya wa damtsen yaro, wanda idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an gane yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Awon hawan jini da na ciwon suga sukan bankaɗo cutar da mutum ya shekara da shekaru yana ɗauke da ita bai sani ba. Haka nan ake tantance masu yanar ido da masu gwaiwa da matan da ke fama da yoyon fitsari, a rubuta sunayensu domin a yi musu aiki a inda akwai ɗakin tiyata.

Sai dai ɓangaren da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na haƙori, domin shi ne aka fi mantawa da shi alhali yana cikin abubuwan da suka fi hana mutane barci. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan uku da rabi a duniya suna da wata cuta ta baki ko haƙori. A ƙauyukanmu, mai ciwon haƙori yakan fara da kanumfari da ruwan gishiri, ya koma ga ƙwayar kashe zafi, wani ya daka ƙwayar ya cusa a kogon har ta ƙona masa dasashi, wani ma har ruwan batir ake ba shi shawarar ya ɗiga. Idan abin ya gagara sai a nufi mai cire haƙori a kasuwa, wanda zai fizge shi da ƙarfen da ya yi wa wani aiki da shi ɗazu, ta inda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini suke samun hanya. Yawancin asibitocin sha-ka-tafi ba su da kujerar haƙori, ba su kuma da ma'aikacin da ya koyi aikin, saboda haka ranar da ayarin likitoci ya zo ita ce, ga mutane da yawa, ranar farko da wani masani ya taɓa duba cikin bakinsu.

Shi ya sa layin haƙori yakan yi tsawo, kuma shi ya sa mafi yawan aikin da ake yi a wurin cirewa ne. Mutum ya zo da haƙorin da ya ruɓe har saiwa, babu abin da ya rage sai a yi masa allurar kashe zafi a cire, ya ciji auduga ya tafi yana sa albarka. Ba na raina wannan aiki ko kaɗan, domin ƙurjin haƙori da aka bari yana iya kumbura muƙamuƙi da wuya har ya toshe numfashi, kuma mutane suna mutuwa ta wannan hanya. Amma ina ganin kuskure ne a riƙa auna nasarar fita da yawan haƙoran da aka cire. Dattijon da aka raba shi da turamensa ba zai ƙara tauna nama ko gyaɗa yadda ya saba ba, kuma ba shi da hanyar samun haƙorin roba a kusa. Akwai wata dabarar cike kogon haƙori da aka fara gwadawa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, wadda aka tsara ta musamman domin wuraren da babu wutar lantarki: ana kankare ruɓaɓɓen wurin da ƙananan kayan hannu, a cike da wani irin siminti na haƙori mai sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a hankali. Ba ta buƙatar injin huda haƙori, ba ta cika buƙatar allura ba, kuma yara ba sa jin tsoronta. Idan aka sami kogo tun yana ƙarami, musamman a bakin ɗalibai, wannan dabara tana ceton haƙorin, saboda haka ya kamata kowace fita ta ware lokaci ta shiga makarantun firamare da na allo da na Islamiyya, kada a tsaya jiran waɗanda ciwo ya koro kawai.

Batun tsabtar kayan aiki kuma ba abin sassauci ba ne. Ayarin da zai cire haƙoran mutane masu yawa a wuni guda dole ne ya zo da isassun kayan cirewa da tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai matsi, da janareto ko gas ɗin da zai tafiyar da ita, da akwatin zuba allurai. Idan cunkoso ya sa aka koma tsoma ƙarfe a ruwan magani a mayar bakin wani, to an kai wa mutane irin haɗarin da aka zo raba su da shi. Gara a duba mutane kaɗan a sallami sauran da alƙawarin dawowa.

Akwai wani dalili mafi nauyi da ya sa nake son a riƙa buɗe bakin kowane yaro a irin wannan fita, wato cutar noma, wadda take cin fuskar ƙananan yara, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida da ke fama da tamowa ko suka tashi daga ƙyanda. Tana farawa ne da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, abin da uwa za ta ɗauka ƙaramin ciwo ne, amma cikin 'yan kwanaki sai ta huda kunci ta ci leɓe da hanci har ƙashi. Mafi yawan yaran da ba su sami magani ba suna rasuwa, waɗanda suka rayu kuma sukan tashi da tabon da ke hana su ci da magana da shiga mutane. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Abin lura shi ne, a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Ma'aikacin da ya riga ya riƙe hannun yaro yana auna damtsensa, ɗaga leɓensa ya duba dasashi ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai jama'a sun yarda da masu zuwa, kuma mu a Kano mun san tsadar yarda. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukatan mutane, kuma yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar a 2003. Tambayar da iyaye suka riƙa yi a wancan lokaci tana da ma'ana: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon maganin cuta ɗaya kyauta, amma idan zazzaɓi ya kama yaro sai mun saya? Da aka fara haɗa rigakafin da sansanonin duba lafiya, inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa da na tsutsar ciki, kuma sarakuna da malamai suka shiga gaba, sai ƙofofi suka riƙa buɗewa, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, wadda ake kira ta daji, a watan Agusta na 2020. Wannan darasi ya shafi kowane ayari: a bi ta hannun hakimi da dagaci, a zo da ma'aikata mata domin akwai matan da ba za su buɗe baki ko su faɗi damuwarsu gaban namiji ba, a nemi mai jin Fulatanci idan za a shiga rugage irin na yankin Falgore, kuma a gaya wa kowa sunan abin da aka ba shi da dalilinsa.

Inda nake da damuwa da yadda ake gudanar da yawancin waɗannan fita shi ne abin da ke biyo bayan tashin mota. Hawan jini da ciwon suga ba sa warkewa da maganin mako biyu. Idan aka gaya wa dattijuwa, "Iya, jininki ya hau sosai," aka ba ta ƙwayoyi a leda ba tare da an rubuta sunan maganin ba, kuma ba a haɗa ta da wanda zai sake auna ta ba, to an bar ta da fargaba kawai, kuma ranar da ƙwayoyin suka ƙare ta koma inda take. Haka takardar turawa zuwa babban asibiti: wanda rashin kuɗin mota ya hana shi zuwa Kano jiya, takarda ba za ta kawo shi gobe ba. Na ga irin waɗannan takardu a hannun baƙinmu, sun yi watanni a ninke cikin aljihu kafin a samu halin tasowa. Akwai kuma fitar da ake shiryawa gab da zaɓe, wadda hotuna da alluna suka fi magani yawa a cikinta. Mutane sukan ce da babu gara ba daɗi, kuma gaskiya ne wanda aka cire wa haƙorin da ya hana shi barci ya amfana ko da wace niyya aka zo, amma kuɗin da aka kashe a taron wuni ɗaya zai fi amfani da an raba shi zuwa ziyara huɗu a shekara ga gari ɗaya.

Tun taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, da kuma zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, manufar ƙasar nan ita ce a gina kiwon lafiya daga matakin farko, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman da ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan mataki. Saboda haka ayarin da ya zo daga birni bai kamata ya yi aiki kamar babu kowa a garin ba. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, wanda zai ci gaba da zama da mutanen bayan baƙi sun tafi, shi ya kamata ya zauna kusa da likita tun safe, ya ga yadda ake duba dasashin yaro, ya koyi alamomin ƙurjin da ba a jinkiri da shi, a bar masa kundin sunayen masu hawan jini da na'urar awo da lambar wayar likitan da zai kira. Waɗanda aka tura birni kuma a haɗa su rukuni ɗaya, a sa musu rana, a tanadi mota, a sanar da asibitin da za su je tun kafin su iso.

Lokacin fita ma yana buƙatar tunani. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓi da tamowa suka fi tsananta kuma rumbu ya yi ƙasa, a lokacin ne hanyoyin ƙauye suke yankewa kuma ayari ba ya son fita, sai a bari sai rani lokacin da mota take shiga ko'ina cikin sauƙi. Wanda yake shirya aikin da gaske zai nemi babura ko motar da ke iya shiga laka saboda waɗannan watanni, ya kauce wa ranar kasuwa ko kuma ya kafa rumfarsa a bakinta idan garin irin Wudil ne ko Dambatta da ke tara mutanen ƙauyuka masu yawa, sannan kafin ya tashi ya tsaya gaban dagaci da jama'a ya faɗi ranar da zai dawo.