Kafin ka fasa katalis ɗin motarka

Mafi yawan motocin da ake kawowa wai a buɗe musu numfashi ta hanyar fasa katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa, ba katalis ne ciwonsu ba. Abin da aikin nan ke koya wa makaniki tun da wuri shi ne ya auna kafin ya yanka. Kwance sensar oksijin ta gaba, ka ɗaura gejin matsi a raminta. Idan injin yana silo, kada allura ta wuce psi (ma'aunin matsi) 1.5, in ka taka totur zuwa juyi 2,500 a minti, kada ta haura psi 3. Muddin ta tsaya ƙasa da haka, salansa ba ta toshe ba, kuma farfasa saƙar da ke cikin tukunyar ba zai ba ka wani ƙarfin a-zo-a-gani ba. Ƙara ce kawai za ta ƙaru, sai mai mota ya ɗauka gudu ne.

In kuwa katalis ya toshe, sai ka nemi abin da ya kashe shi, domin da wuya katalis ya mutu haka siddan. Filogi ko kwayil mai tsallake wuta yana tura ɗanyen fetur cikin salansa, ya je ya kama a tukunyar har saƙar ta narke. Baƙin mai da ke tsiyaya ta ringi, ko ruwan lagireto daga gasket ɗin da ya ƙone, su kuma suna shafe ƙarafan da ke tace hayaƙin. Ka sa sabo ba ka gyara waɗannan ba, shi ma zai bi na farko.

Batun shan mai yana hannun ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Ita tana riƙe gaurayen iska da fetur a kan 14.7 zuwa 1, bisa abin da sensar gaba ke gaya mata tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Sensar baya sa ido take yi a kan katalis. Ka cire shi, ƙwaƙwalwa ta jefo lambar matsala P0420, fitilar gargaɗi ta zauna a kunne, gobe wata matsala ta gaske ta zo ba wanda zai lura. Abin da ya fi cin mai a ɓoye shi ne walda mai yoyo a gaban sensa: iska ta shiga, ƙwaƙwalwa ta zaci fetur ya yi kaɗan, ta ƙara. Sa sikana ka duba yawan gyaran man da take yi. In ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, nemi yoyon iska, dattin nozul ko sensar iska mai ƙura.

Toshe bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, shi ma yawanci wahalar banza ce a injin fetur. Bawul ɗin a rufe yake lokacin silo da lokacin da ka take totur har ƙasa, to ina ƙarfin zai fito? Yana buɗewa ne a matsakaicin gudu, ya rage zafin ƙonewa, har ya ɗan taimaka wa mai. Ka like shi, zafi ya hau, injin ya fara ƙwanƙwasa, ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya. Wanke shi da hanyoyinsa daga gawayi ya fi.

Haka cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin. Injin da bai kai maki 85 zuwa 95 na zafi a ma'aunin Celsius ba, ƙwaƙwalwa na ci gaba da zuba masa mai kamar yanzu aka tayar da shi.

A motar dizal, matacin baƙin hayaƙi, wato DPF, yana buƙatar zafi kusan maki 600 kafin ya ƙone abin da ya tara, kuma gajerun tafiye-tafiye ba sa kai shi can. A ba shi doguwar hanya da baƙin mai marar toka da yawa. Cire DPF laifi ne a Amurka, a Ingila kuma tun 2014 motar da aka cire wa shi ba ta cin gwajin shekara.