Yaron ya sha ciki

Ranar Talata muke awon yara a wani lungu na Nima, unguwar zango a birnin Accra na Ghana, ƙarƙashin rumfar da mutanen masallaci suka ara mana. Mu rataye ma'auni a jikin katako, mu jera benci biyu, mu ajiye akwatin sanyi na allurar riga-kafi a inuwa. A lokacin ban cika shekara da gama makarantar nas ba. Rigata tana sheƙi, kaina cike da karatu, ina ganin duk abin da ke damun matan unguwarmu rashin sani ne, ni kuma na zo da maganinsa.

Wata yarinya ce ta zo a ƙarshen layi, goye da yaro ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni. Da ta kwance shi sai na ga kumatu tulu-tulu, gashi ya yi ja ya yi laushi, fatar cinya tana saɓulewa. Ba ya kuka sosai, sai wani ƙananan mita kamar na tsoho. Na danna babban yatsana a bayan ƙafarsa na ƙirga uku, na ɗaga, rami ya zauna. Ƙafa biyun duka haka. Mai irin wannan kumburi ba a tsayawa duba nauyinsa, domin ruwa ne ke yaudarar ma'auni. Asibiti kai tsaye.

Na rubuta takardar turawa, amma ban bar bakina ya huta ba. Na ce, "Baiwar Allah, ke wace irin uwa ce? Koko safe, koko rana, koko dare, kina kallo yaro yana lalacewa?" A gaban mata kusan ashirin na faɗi haka. Ba ta ce uffan ba. Ta ja mayafi ta rufe gabanta.

Akwai wata tsohuwar unguwar zoma da ke zuwa tana taya mu tsara layi, kowa Mma yake ce mata. Ta matso ta ce a hankali, "'Yata, sassauta murya. Yaron ya sha ciki ne." Ban amsa ba saboda girmanta, amma a raina na ce ga camfin nan kuma.

Bayan kwana biyu Mma ta same ni, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ɗauki jakarki. Ba ta je ba."

Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, famfo babu, bayan gida na kuɗi a bakin titi. A ɗakinta na ji abin da ya kamata in tambaya tun ranar Talata. Cikin wata biyar gare ta. Ranar da uwar mijinta ta gane, a ranar aka yaye yaron, dare ɗaya, aka shafa ɗaci a nono. Mijinta yaron mota ne a tirotiro, wato ƙananan motocin haya, abin da ya samo ranar shi ne na tukunya. Ita kuma tana taya wata mata sayar da koko tun asuba, ladanta 'yan sidi kaɗan da ragowar kokon da bai ƙare ba. Wato kokon da na yi mata gori a kai, shi ne albashinta. Katin inshorar lafiyar yaron ya mutu, sabunta shi a wancan lokaci sai ka kashe yini guda a layi, yinin da ba ta da shi. Ga kuma kunyar da na ɗora mata. Ta ce in ƙaramar nas ta yi mata haka, to ina ga manya?

Mma ce ta goya yaron da kanta. Muka kai shi asibitin yara na Princess Marie Louise, can kusa da kasuwar Makola, inda suke da sashe na musamman don masu tamowa. A benci muna jira wata babbar nas, da ta ji na ambaci sunan cutar da Turancin makaranta, wato kwashiyoko, ta tambaye ni ko na san inda kalmar ta fito. Ban sani ba. Ashe a cikin wannan asibitin aka fara rubuta ta.

Wata likita ce 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, ta zo ƙasar nan a 1929, lokacin ana ce mata Gwalkwas. Ta riƙa ganin yara masu kumburi da jan gashi suna mutuwa, galibi bayan yaye, abincinsu kunun masara zalla. Ta yi rubutu a kansu a 1933, manyan likitocin Ingila suka ce ba sabon abu ba ne, wata cuta ce da aka riga aka sani ta masu cin masara. Ba ta janye ba. Abin da ya bambanta ta da su shi ne ta tambayi mutanen gari me suke kiran abin, aka ce mata kwashiyoko, wanda a harshen Ga, na mutanen Accra, ke nufin ciwon da ke kama yaro idan ƙaninsa ya ture shi daga nono. A 1935 ta buga sunan nan yadda ta ji shi, yau kuma duk ɗalibin likita a duniya da kalmar matan Ga yake cin jarrabawa. Ita ce kuma ta riƙa barin uwaye su zauna da 'ya'yansu a asibiti, a zamanin da ake ganin uwa cikas ce ga aikin likita. Daga baya, a 1948, ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ina zaune a bencin nan jikina ya yi sanyi. "Ya sha ciki." Ai maganar ɗaya ce. Mu ma muna da kwanika, muna da rurrutsa, kalmomin da na taso ina ji a bakin kakata. Ni ƙafar yaron na duba, Mma ta duba cikin uwar. Sunan da nake taƙama da shi da wanda na raina, daga tsakar gida dukkansu suka fito.

Kada a fahimce ni a baibai. Nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma har gobe ina faɗin haka. Abin da ke kayar da yaro shi ne cire shi farat ɗaya, a bar shi da ruwan koko wanda ba ya gina jiki. Amma tsofaffin nan sun ga jerin abin daidai: ciki ya shiga, nono ya tsaya, yaro ya kumbura. A dalilin ne kawai muka rabu. Wanda ya fara da "ƙarya ne" ya rufe ƙofa, wanda ya fara da "haka ne, sai dai" zai samu tabarma.

A asibitin nan dai Dokta Susan Ofori-Atta ta yi aiki, mace ta farko 'yar Ghana da ta zama likita, wadda ta yi karatu a Edinbara, har mutane suka laƙaba mata "mmofra dokta", likitar yara da Asantanci. Abin da ya fi burge ni game da ita ba a ɗakin jinya ya faru ba. Ta yi shekaru tana fafutukar a ba matar mamaci da 'ya'yansa haƙƙi a dukiyar da ya bari, dokar kuma ta fito a 1985, shekarar da ta rasu. Da farko na yi mamakin me ya haɗa likitar yara da rabon gado. Wanda ya taɓa auna ɗan bazawarar da aka kora daga ɗaki ba zai yi wannan tambayar ba.

Sauran gyaran da muka yi ƙanana ne. Masu binciken Navrongo, a arewacin Ghana, sun nuna tun daga 1994 cewa idan nas ta tare a cikin jama'a tana bi gida-gida, da yardar sarakuna da dattawa, mutuwar yara tana raguwa, daga nan wannan tsari, da ake kira CHPS, ya bazu a ƙasa. Su ƙauye suka yi wa, inda nisa ke hana zuwa. A zango nisan ba na hanya ba ne, asibiti na nan ƙofar gida, lokaci ne da kuɗi da kunya. Sai muka ƙara awo ɗaya bayan la'asar saboda masu talla da 'yan kayaye, wato mata masu dako a kasuwa, muka roƙi liman ya riƙa sanarwa ranar Juma'a. Tun da aka fara sabunta katin inshora ta waya a ƙarshen 2018, kafin in taɓa yaro nakan ce, "Ina katin? Kawo wayarki." Na kuma daina cewa a ba yaro nama da ƙwai ga wadda na san ba ta da su. Garin soyayyar masara da gyaɗa da wake, wanda ake kira tomburawun, da garin ƙananan busassun kifin nan na kasuwar Nima, cokali ɗaya a cikin kokon da dama yana nan.

Yaron ya yi makonni kafin kumburin ya sace, ya koma ƙashi da fata, sannan ya fara ciko. Uwar ba ta sake haɗa ido da ni ba sai bayan ta haihu, da na je barka na ba ta haƙuri a gaban uwar mijinta. Ta ce, "Ba komai, Anti nas." Na san da komai.

Ni da Mma kuwa ba mu taɓa daidaitawa a kan nonon ciki ba. Iyakar abin da na samu daga gare ta, ta yarda ta riƙa gaya wa surukai a ja yayen a hankali, kada a yi shi dare ɗaya. Wata rana muna soya masarar tomburawun a tsakar gidanta na sake tayar da zancen, har da zanen yadda nono ke samuwa. Ta saurara har na gama, tana juya kasko. Sannan ta ce, "Na ji, malama. Miƙo mini gyaɗar nan kafin ta ƙone."