Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Lamba 3 da ta hana ni barci

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka ɗebi ɗan nama daga ƙullutun da ke nonona na hagu, aikin da likitoci ke kira biyofsi. Kwana goma na yi ina jiran sakamako.

Ranar da ya fito likitan ba ya nan, sai aka miƙo mini takardar aka ce in dawo jibi. Tun a hanya na buɗe ta. Turancin da na koya a makaranta bai tsinana mini komai ba, amma na gane cewa sankara ce, sannan idona ya faɗa kan kalmar giredi da lamba 3 a gabanta. Na taɓa jin cewa matakan ciwon daji huɗu ne, kuma na huɗun shi ne wanda ciwon ya bazu a jiki. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa taki ɗaya ya rage mini. Darare biyu ban rintsa ba. Maigidana yana ta cewa, "Ki yi haƙuri mu ji ta bakin likita," ni kuwa ina kallon yarana suna barci ina lissafin wanda zai riƙe su.

Har yau ina ganin bai kamata a miƙa wa mara lafiya irin wannan takarda ba tare da wanda zai karanta masa ita ba.

Da na zauna gaban likita, kuka ne ya riga ni magana. Ya bari na lafa, sannan ya ce, "Hajiya, giredi daban, mataki daban." Ya ce giredi kamannin ƙwayoyin ƙarin ne idan aka duba su a madubin ɗakin gwaji. A sankarar nono daga 1 zuwa 3 ake ba shi: na 1 sun yi kama da lafiyayyun ƙwayoyi kuma ba su da saurin yaɗo, na 3 sun sauya kama sosai kuma suna da gaggawa. Mataki kuwa girman ƙarin ne da nisan da ya yi, kuma nawa ba a ma tantance shi ba tukuna, sai an ɗauki hoton ƙirji da ciki da ƙashi.

Bayan hotunan ya rubuta mini haruffa uku a takarda: T2, N1, M0. T girman ƙari ne. Nawa santimita 3 ne, kuma wanda ya haura 2 bai wuce 5 ba shi ne T2. N kaluluwa ce, kuma an ga ciwon ya taɓa ta hammatata. M ita ce tambayar da ta fi komai nauyi, wato ko ya tsallaka zuwa huhu ko hanta ko ƙashi. Sifilin nan da ke gaban M, ban taɓa son wata lamba kamarsa ba. Da aka haɗa su, mataki na 2B nake. Na ce alhamdulillahi har sau nawa ban sani ba.

Sai na nuna masa inda aka rubuta ER da alamar tarawa, na ce, "Likita, wannan fa, wani ciwon ne kuma?" Ya ce a'a, ma'anarsa ƙarin yana samun ƙarfi ne daga sinadarin mata, istirojin, don haka akwai ƙwayar magani da ke tare masa hanya, tamoxifen, wadda ake sha shekara 5 ko fiye. HER2 kuwa, wani sinadari da ke sa ƙari saurin girma idan ya yi yawa, ba a same shi a nawa ba, saboda haka maganin da ake yi dominsa bai shafe ni ba.

Tsarin da ya shimfiɗa mini shi ne kemo da farko, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗaura wa mutum a ruwa, don ƙarin ya ragu, sai tiyata, sai gashi. Kalmar gashi ta razana ni, na ɗauka wuta ce, ashe haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aikawa daidai wurin, kana kwance ba ka jin komai a lokacin. Kemon kuma zagaye-zagaye ake yin sa, duk bayan kwana 21, domin maganin yana bugun duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, har da ta jini da ta sumar kai, jiki kuwa yana bukatar hutu ya farfaɗo.

Ya ba ni takardar gwajin jini, ya ce sai an ga ƙwayoyin jinina sun isa kafin a ɗaura mini ruwan farko. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na shiga ɗakin kemo.