Abin da karatun Soshiyal Wok ya koya min, daga aji har ofishin walfeya

Ni dai Lauya na cike a JAMB, maki bai kai ba, da admishan ya fito sai na ga an jefa ni Soshiyal Wok, kwas ɗin da ko sunansa ban taɓa ji ba. Baba ya ce toh in kin gama me za ki zama, na ce masu taimakon jama'a ne, ya ce yanzu taimakon ma sai an yi masa digiri? Haka na tafi da niyyar in na cinye shekarar farko zan canza, ban canza ba kuma ga shi yau da shi nake cin abinci. A takarda shekara 4 ne, 3 ga wanda ya shigo da difloma, amma mu korona ta same mu a 2020 ga yajin aikin ASUU na wata 9 a shekarar, sannan aka ƙara mana na 2022 daga Fabrairu har Oktoba, sai da muka kusa tsufa a makaranta.

Aji ɗaya da aji biyu kusan tare muke shiga lakca da 'yan Soshiyoloji, ga saikoloji, ga ɗan tattalin arziki, ga lissafin ƙididdiga da kowa ke gudu alhali ba makawa sai ka haɗu da shi ranar firojet. Sai tarihi, dokar talakawa ta Ingila ta 1601, Jane Addams da gidan da ta buɗe wa baƙin haure da matalauta a Chicago a 1889, Mary Richmond da ta tsara yadda ake bin matsalar mutum ɗaya daki-daki. Na gida kuwa a Legas aka fara zamanin Turawa saboda yara masu gararamba a titi lokacin yaƙin duniya na biyu, har aka yi dokar yara da matasa ta 1943 wadda ba ta iso Arewa ba sai 1958, kuma Nsukka ce ta fara koyar da shi a jami'a a 1976. Duk mun haddace mun zubar a takardar jarrabawa. An kuma haddatar da mu ƙa'idojin aiki, ka karɓi mutum yadda ya zo, kar ka yanke masa hukunci, ka riƙe sirrinsa, ka bar shi ya zaɓa wa kansa mafita. A aji wannan na ƙarshen ya fi komai sauƙin faɗa.

Da aka tura mu firaktikal, ni wani babban asibitin gwamnati aka kai ni, ofishin walfeya, ɗan ɗaki ne a lungu kusa da wajen biyan kuɗi, teburi biyu da kabad cike da fayil, da wata Hajiya da ta kusa ritaya, ita ce sufabaizata. Abin da ta fara ce min shi ne, 'yata, jakarki ki ajiye ta can, a ofishin nan ba a ciro kuɗi daga aljihu a ba mara lafiya. Na ga kamar rashin imani ne, sai ta ce in kin ba wannan yau gobe mutum goma za su zo da sunanki a baki, albashinki ba zai kai Laraba ba, kuma wadda kika bai wa ba za ta ƙara faɗa miki gaskiyar halin da take ciki ba, abin da zai sa ki ƙara ba ta shi za ta riƙa faɗa. Aikinki ki san inda kuɗin yake ki kai ta can.

Kuma wallahi shi ne aikin. Yawancin kes a asibiti na kuɗi ne, an sallami mutum ba shi da na biya, ko an rubuta tiyata dangi sun gudu sun bar shi a gado. Za ki zauna da shi ki yi tambayoyi, me yake yi, wa ke ciyar da gidan, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, akwai gona akwai dabba, wa ya kawo shi, sannan ki rubuta rahoto zuwa ga hukumar asibiti a yafe masa wani kaso ko duka, ragowar kuma ki bi ta kwamitin zakka, ko ƙungiyoyin sa kai, ko masu hali da kan zo su biya wa mutane musamman da azumi. Hajiya tana da wani tsohon littafi da ta cika da lambobi, na limamai, na DPO, na ma'aikatar mata, na FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, da na Legal Aid masu tsaya wa marasa hali a kotu kyauta, na direbobin tasha da za su kai mara lafiya garinsu kyauta. Duk tausayin da ke cikinki in ba ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa ba, sai dai ku zauna ke da mai kes ku yi ta kuka tare.

Inda littafi ya fara tangal-tangal shi ne maganar nan ta mutum ya zaɓa wa kansa. An kawo wata yarinya daga ƙauye da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, likita ya ce a tura ta cibiyar Babbar Ruga a Katsina, aikin kyauta ne, ita kuma tana so, amma da na tambaye ta sai ta kalli ƙasa ta ce sai abin da aka ce. Miji ya tafi cirani kudu, uwar miji ta ce ba inda za ta, mahaifinta ya ce shi ya riga ya aurar ba shi da ta cewa. A takarda ita kaɗai ce mai kes, a zahiri mutum biyar ne. Hajiya ba ta yi wa kowa wa'azin 'yanci ba, ta sa aka nemo lambar mijin ta gaishe shi da Malam ta yi masa bayani, ta zauna da tsohuwar tana ce mata Inna tana nuna mata ai ita za a yaba wa in yarinyar ta warke, ta samo wata ƙanwar uban da za ta yi jinya, sannan ta koma wajen yarinyar ita kaɗai, ta rufe ƙofa, ta sake tambayarta ke fa me kike so. Wannan komawar ita ce ta tsaya min a rai, don wasu ma'aikatan suna gamawa da dangi shikenan sun manta da mai ciwon, wasu kuma 'yan boko-boko irinmu sai su ture dangin gefe su cusa wa yarinya shawarar da in ta koma gida ita kaɗai za ta kwashi kashinta a hannu. Ni a ganina dukkansu ba su yi aikin ba.

Ziyarar gida ma haka, ba a faɗa wa gidan mutane da fayil a hannu kamar 'yan haraji. Mai unguwa ake fara gani, a yi sallama da maigida, in gidan ba a shiga ne namiji ya tsaya a zaure mace ta shiga, shi ya sa ake haɗa mu biyu-biyu. In an kawo ruwa ki sha. Kuma kina zaune idonki na aiki, ina yaran ke kwana, an ɗora tukunya yau ko ba a ɗora ba, wa ke amsa tambayar da aka yi wa wani.

Sirri kuwa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A garinku kike aiki, wadda ta zo da cikin shege ko sakamakon gwajin HIV wataƙila maƙwabciyar gwaggonki ce, kuma za a tare ki a gidan biki a ce ke da kike asibiti me ke damun wance. Ko a logbuk ɗin da muke kai wa makaranta ba a rubuta suna, harafi ake sawa. Amma an koya mana iyakarsa, in ran wani na cikin haɗari ko ana cutar da yaro, dole a sanar, kuma tun farkon zama ake faɗa wa mai kes haka don kar ya ce an ci amanarsa.

Firaktikal na biyu a sashen walwalar yara na ma'aikatar mata na yi, a nan na gane wanda bai san doka ba ɗan kallo ne. In an tsinci jariri akwai tsari, rahoton 'yan sanda, duba lafiya a asibiti, sannan walfeya ta karɓa a kai gidan marayu da izinin kotu, mai son ɗauka kuma sai an binciki gidansa, kuma a wajenmu Musulmi riƙo ne, ba a canza wa yaro nasaba. Yaron da ya yi laifi gidan ajiye yara ake kai shi, bai kamata a haɗa shi da manya a kurkuku ba, mu za mu rubuta wa alƙali rahoton yadda gidansu yake kafin hukunci, wasu a tura su Bostal, gidan gyaran halin matasa da ke Kakuri a Kaduna. Ga dokar kare haƙƙin yara ta 2003 wadda sai jiha ta yi tata sannan take aiki a cikinta, Kano sai 2023 ta sa hannu a tata, ga VAPP ta 2015, dokar hana cin zarafin mutane, ga dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ga ta lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Duk wanda ya tuna mutum sama da 300 da aka fito da su daga wani gidan mari a Rigasa a 2019, wasu da sasari a ƙafa, ya san iyaye ba don ƙiyayya suka kai su ba, rasa wajen kaiwa suka yi, kuma cike wannan giɓin aikinmu ne.

Abin da makaranta ba ta ba mu sosai ba shi ne rubutu da kwamfuta. Rahoton kes dole ya bambanta abin da kika gani, da abin da aka faɗa miki, da abin da kike zato, don wata rana a gaban alƙali za a karanta shi. Ƙungiyoyin jin ƙai da ke aiki a Maiduguri da Damaturu da sansanonin 'yan gudun hijira a Arewa maso Yamma kuwa ba ruwansu da sakamakonki sosai, za su tambaye ki Excel, da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, da yadda ake bin kes daga buɗewa har rufewa, kuma in kina jin Kanuri ko Fulfulde kin wuce wasu masu fas kilas. Ni a waya na koyi yawancinsu lokacin yajin aiki, ina kuma zuwa aikin sa kai a wata ƙaramar ƙungiyar marayu ta unguwarmu, wannan takardar shaidar ta fi yi min amfani a intabiyu fiye da firojet ɗina.

Maganar aiki, kar wanda ya shigo don kuɗi. Albashin gwamnati kun san shi, na ƙungiyoyi ya fi tsoka amma kwantiragi ne, in mai ba da tallafi ya janye shikenan, mun ga yadda aka sallami mutane da Amurka ta dakatar da kuɗin USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, a 2025. A Disambar 2022 Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista, don a daina kiran duk wanda ya raba shinkafa ya ɗau hoto soshiyal woka, kuma tun kuna ɗalibai ku nemi reshen jiharku na NASoW, ƙungiyar soshiyal woka ta ƙasa, masu son asibiti kuma AMSWON, ta soshiyal woka na asibiti. In lokacin bautar ƙasa ya zo yawanci makaranta za a tura ku koyarwa, toh tun kafin a fita daga kam ku nemi takardar buƙata daga asibiti ko ma'aikatar mata ko wata ƙungiya, ni haka na yi, shekarar nan ita aka lissafa min a matsayin ƙwarewa da na nemi aikin da nake yi yanzu.