Farin zare a ƙarƙashin idon Baba

Da zumuɗi na tashi yau. Fim ɗin da na wanke jiya da dare ya kwana a rataye a banɗakin baya, fim ne baƙi da fari da ake kira HP5, mai hoto 36, kuma a cikinsa ne hotunan Baba na ranar da ya zo ya wuni da mu suke. Na yanka shi shida-shida, na zura a ledar ajiya, na kunna sikana ina 'yar waƙata ƙasa-ƙasa.

Hoto na 14 nake jira. Kun san Baba da kyamara, da ya ga an ɗaga ta sai ya ɗaure fuska tamau. Amma ranar Auta ya faɗi wata magana, Baba ya kece da dariya har yana riƙe gwiwa, ni kuwa na danna. Da hoton ya fito a allon kwamfuta, komai ya yi yadda nake so, hasken taga ya kwanta masa a gefen fuska. Sai kuma na gani. Daidai ƙarƙashin idonsa na hagu ga wani farin zare a lanƙwashe kamar ƙugiya, ga ɗigo uku a goshi.

Duk abin da ya tare haske a jikin negatif, wato wankakken fim ɗin da fari da baƙi suke a juye, in an juya hoton fari fat yake fitowa. Da ido da ƙyar za ka hango shi, amma da sikana ta faɗaɗa shi a 3200 dpi, wato ɗigo 3200 a kowane inci, ya zama igiya.

Na ciro fim ɗin da safar hannu, na hura masa iska da ɗan famfon roba, na bi shi da burushi mai laushi. Ɗigon goshi suka tafi. Zaren ko gezau. Na ɗaga shi saitin fitila na karkata, sai gabana ya faɗi: ba a gefe mai sheƙi yake ba, yana ɗaya gefen, inda aka shafa maganin da ke kama hoton, kuma ya nutse ciki. Ke nan tun fim yana jiƙe ya sauka, suka bushe tare.

Na samu uwargida tana ninke kaya.

"Kin shiga banɗakin baya jiya da dare?"

"Na shiga. Tawul ɗin yara na ɗauko."

"Kin kakkaɓe shi a ciki?"

Ta ɗago ta dube ni. "To ina zan sani? Ka ce min wani abu ne? Na ga dai abin naka a rataye, har raɓewa na yi don kar in taɓa shi."

Na yi shiru. Can ta ce, a hankali, "Ba ka iya goge shi a kwamfuta ba? Ai ina ganin kana yi."

Ina yi ɗin. Na sha kwana ina bin ɗige-ɗige ɗaya bayan ɗaya. Amma wanda ya faɗa a sararin sama ko a bango daban ne da wannan. Fatar da ke ƙarƙashin zaren sikana ba ta gan ta ba, sai dai in aro daga wani gefen fuskar in liƙa, kuma nan ne daidai inda dariyar ta tattare masa fata. Wannan tattarewar nake nema shekara da shekaru. Ba na son in zana ta da hannuna.

Sikanar tana da Digital ICE, wanda ke gano ƙura da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, ya share da kansa, amma a fim mai kala yake aiki. Baƙi da fari irin wannan azurfa ce a jikinsa, tana tare hasken, sai na'urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti ta dagula shi. Don haka babu wannan hanyar.

Abin da ya tsaya min a rai har la'asar shi ne babu matakin da na tsallake. Ruwa a digiri 20. Ɗauraya sau uku, ina juya gwangwanin wankin fim ɗin sau 5, sau 10, sau 20. Ta ƙarshe da tataccen ruwa da Photo-Flo, maganin da ke sa ruwa ya zame daga jikin fim, kashi 1 cikin 200, don ruwan famfo yana barin farin tabo idan ya bushe. Na saki ruwan zafi sai da tururi ya cika banɗakin ya kwantar da ƙurar da ke yawo. Ban matse fim ɗin da yatsa ba, na maƙala masa nauyi a ƙasa, na ja ƙofa. Magana ɗaya ce kawai ban yi ba, ita ce in ce wa uwargida kar a shiga sai da safe. Kuma na je mata da murya kamar ita ce mai laifin. Wannan ya fi zaren damuna.

Yaya ya kira, ban ɗauka ba. Aikin gida na Auta, rabi muka yi.

Bayan isha na yanke shawarar sake jiƙa shi. Akwai haɗari, domin maganin yana laushi idan ya sha ruwa, ƙaramin kuskure sai ya karce har abada. Na sa yankin a tataccen ruwa da ɗigon Photo-Flo, na bar shi minti goma ina girgiza kwanon a hankali, ban kai hannu kan fuskar ba. Ina ganin kamar zaren ya saki ta gefe ɗaya. Ban tabbata ba, idona ya gaji.

Da na je rataye shi, na tarar ta riga ta kwashe tawul-tawul ɗin duka, har da tabarmar ƙafa, ta goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta ce komai ba. Na ba ta haƙuri a bakin ƙofar, ta ce, "Rataye abinka kafin tururin ya huce."

Ƙarfe goma sha ɗaya yanzu. Sau biyu ina tashi in je in leƙa, ina kaiwa ƙofar sai in dawo.